Takalmin Iska na Kwamanda

Ranar da aka sanar za a naɗa sabon shugaban masu gadi a babban kantin da maigidana yake aiki, ya shigo gida yana ɗingishi yana washe baki, ya ce in fara koyon zama irin na matan manya.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Shugabanmu ya yi ritaya. Mu biyu Manaja take dubawa, ni da Malam Shiru. To ke ki faɗi tsakaninki da Allah, a cikinmu wa ya yi kama da shugaba?"

Na dubi ƙafar da ya ɗage sama ya ƙi yarda ta taɓa ƙasa, na ce, "Wanda yake iya tsayuwa da ƙafa biyu."

Maigidan nawa Kwamanda ake ce masa. Bai taɓa aikin soja ba, ko hanyar bariki bai sani ba. Tun ranar da aka ba shi kaki da usur ya raɗa wa kansa sunan, kuma duk wanda ya kira shi da wani suna ba ya amsawa. Malam Shiru kuwa abokin aikinsa ne, dattijo marar hayaniya, wanda in ka gaishe shi da safe sai hantsi ya gama amsawa. Kwamanda ya daɗe yana mafarkin muƙamin nan. Har a cikin barci yana ba da oda.

Matsalar ita ce dunduniya. An yi watanni tana cinsa. Da safe in ya sauko daga gado ya taka ƙasa, sai ya yi ƙara ya cafki ƙofa, in na tambaya ya ce yana gwada ƙarfin ƙyauren ne. Wuni yake a tsaye a kan siminti cikin wani tsohon takalmin but mai tauri da ya saya don ya yi kama da na sojoji, wanda ya matse shi tun ranar farko. Ga tumbi kullum yana gaba. Na yi magana har bakina ya gaji, sai na leƙa na kira maƙwabciyarmu Anti Nas, wadda take aiki a asibiti.

Ta ce ya miƙo ƙafa. Ya miƙa yana cewa, "Ɓata miki lokaci kawai ta yi, ƙafar nan ƙarfe ce."

Ta danna tsakiyar dunduniyar da babban yatsa. Kwamanda ya yi tsalle har ya kusa taɓa fanka.

"Ƙarfen ya yi magana," in ji Anti Nas.

"Cakulkuli gare ni."

Ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce akwai jijiyar da ta tashi daga dunduniya zuwa yatsu ta ƙarƙashin tafin ƙafa, ita ce ta gaji ta kumbura. Yawan tsayuwa a kan siminti, da takalmi mai tauri da matsi, da ƙarin nauyin jiki, su suke jawo hakan. Ta ce ya riƙa zama yana murza 'yar kwalbar ruwan sanyi a ƙarƙashin ƙafar, ya riƙa dafa bango yana miƙe sharaɓa a hankali, ya nemi takalmi mai faɗi mai taushin ciki, ya rage tsayuwa. Ta ce abin yana ɗaukar lokaci, in bai lafa ba ya zo likita ya duba shi.

"Asibiti?" Kwamanda ya zaro ido. "Don labari ya kai kunnen Manaja cewa mai neman shugabanci gurgu ne? Wallahi babu wanda zai sani. Kuma wannan a hankali a hankali da kike ta faɗa, na mutanen da ba su da horo ne. Abin da kaɗan ya warkar a wata da watanni, da yawa zai warkar kafin ranar naɗi. Lissafi ne mai sauƙi."

Anti Nas ta dube ni, ta ce, "Allah Ya ba ki lada." Ta fita.

Da kwalba ya fara. An ce 'yar ƙarama, ya samo manyan gorunan ruwa guda biyu ya cusa a firij har suka zama dutse. An ce ya zauna, ya ce zama na ragwaye ne. Ya fito tsakar gidan hayarmu, ya jera su, ya kira ni in zo in ga yadda ake magani. Ya ɗora ƙafar dama a kan ɗaya, ya ɗora ta hagu a kan ɗayar, wadda ma ba ta yi masa laifin komai ba.

Ban gama cewa "Kwamanda" ba ya wuce ni. Gora ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, shi kuma ya yi sama ya dawo cikin bahon da na jiƙa wanki. Kumfa har kan hularsa.

Wata maƙwabciyarmu, matar direba, ta leƙo ta taga, ta ce, "Sannu Kwamanda! Har kai za a wanke?"

Ya fito daga baho da zanina a wuya, ya ce, "Atisayen faɗuwa ne. Duk mai tsaro sai ya iya faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba."

"To ka iya kuwa," in ji ta. "A maimaita mana, yara ba su gani ba."

Kwana ya yi yana nishi saboda ƙugu. Yanzu ciwo ya zama biyu, amma ya ce alama ce magani ya fara ratsa jiki.

Sai aka zo kan bango. Gidan nan ko'ina bangon bulo ne, amma Kwamanda ya zaɓi langa-langar da aka kewaye banɗakin tsakar gida da ita, wai ta fi daidai da tsawonsa. Ya dafa, ya ja ƙafa baya. An ce a hankali, shi kuwa ya ja numfashi ya tura da dukan tumbinsa kamar mai tura motar da ta mace. Langa-langa ta yi kuka, ƙusoshi suka fita, ta kwanta gaba ɗaya da shi a kanta. A ciki kuwa maƙwabcinmu Mai Faci ne yake wanka, sabulu har ido. Allah Ya so shi da gajeren wando a jikinsa.

"Innalillahi! Girgizar ƙasa!" Mai Faci ya rungumi bokiti.

"Kwantar da hankalinka, ni ne," in ji Kwamanda daga ƙasa. "Binciken tsaro nake yi. Ka ga dai da ɓarawo ne da tuni ya shigo."

"Ɓarawon me zai sata a banɗaki? Soso?"

"Ba a raina ɓarawo."

"Ni kuwa ka raina ni! Gidan nan kaf an ga haƙarƙarina!"

Mai gidan haya ya zo ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Kwamanda ya yini yana buga ƙusa a tsaye a rana, dunduniya kuwa ta ƙara hura wuta. Da yamma ya shafe ƙafar da man zafi, gwangwani guda cur, sannan ya manta ya murza ido. Wannan ihun kam bai samo masa suna ba, don bakinsa bai rufu ba balle ya yi bayani.

Na ce masa, "Baban yara, don girman Allah ka bi abin nan yadda aka faɗa. Ko ka je ka gaya wa Manaja gaskiya, ai ciwo ba sata ba ne."

Ya ce, "Ke ba ki san shugabanci ba. Shugaba ba ya ciwo. Saura takalmi, kuma a nan ne za a san an yi da mai basira."

Tunaninsa shi ne, tunda an ce takalmi mai taushi, to me ya fi iska taushi a duniya? Ya tafi wajen 'yan gwanjo ya sayo wani but da ko ɗan maraƙi zai iya kwana a ciki. Ya dawo ya yanke kusurwar katifata, sabuwa fil, ya ce sadaukarwa ce ga ci gaban iyali. Sannan ya ɗauki kayan ya nufi rumfar Mai Faci a bakin titi. Na bi shi don in ga iyakar abin.

Na ɗauka Mai Faci zai kore shi saboda zancen banɗaki. Ina! Yana jin bayani fuskarsa ta yi haske.

"Wato tub ɗin keke zan yanka, in liƙe bakinsa, in naɗe shi a cikin takalmi, a ɗora soso a kai?"

"Ka gane. Ka huda baya ka fito da bawul ɗin buga iska ta dunduniya."

"Kwamanda, wannan aikin kyauta zan yi maka. Amma ranar da za ka saka, ka gayyace ni."

Abin haushi, da aka gama aka ɗan buga iska kaɗan da famfon hannu, takalmin ya yi masa daɗi. Ya taka, ya sake takawa, bai yi ƙara ba. Ni kaina na yi mamaki, har na ji wani sanyi a raina, na ce ƙila wannan karon Allah Ya dube mu. Na ce, "To alhamdulillahi, a bar shi haka."

Ya ce, "A bar shi haka? Wannan ai iskar gwaji ce."

Daga nan baki ya buɗe. Ya gaya wa mai aski cewa ya ƙirƙiro takalmin da likitoci za su zo koyo. Ya gaya wa mai shago cewa kamfanoni za su yi layi a ƙofar gidanmu. Da aka tambaye shi ko ƙafarsa ce take ciwo, sai ya ce a'a, don taimakon raunana irin su Malam Shiru ya yi. Ya gayyaci unguwa kaf su zo bakin kanti su ga naɗinsa, har da Anti Nas, wai ta zo ta ƙaru.

Ranar naɗi ya sha guga, ya goge maɓallai, ya rataya usur. A hanya ya tsaya wajen Mai Faci ya ɗora ƙafa a kan benci.

Mai Faci ya ɗauko famfon hannu. Kwamanda ya ce, "Ajiye wannan abin wasan yaran. Tayar da injin."

"Na tayar mota? Kwamanda, tub ɗin keke ne fa."

"Keke ka ga na yi kama da shi? Buga!"

Ya buga. Takalmi ya kumbura, igiyoyi suka ɗaure tamau.

"Ya isa haka."

"Ƙara!"

"Jama'a ku shaida, shi ya ce in ƙara," in ji Mai Faci, yana haɗiye dariya. Ya ƙara, ya yi wa ɗaya ƙafar ma haka.

Da Kwamanda ya miƙe sai ga shi ya fi kowa tsawo a titin. Tafiyar ce dai ta gagara. In ya taka, ƙasa ta mayar da shi sama. Haka ya riƙa tafiya yana dira yana tashi, hannuwa a buɗe, mu kuma muna biye da shi, ni da matar direba da mai aski da Mai Faci da ya rufe rumfarsa musamman. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce, "Bawan Allah, fitsari ne ya matse ka?" Ya ce tafiyar manyan jami'ai ce.

A filin ajiye motoci na gaban kanti aka jera masu gadi. Rana ta take, kwalta ta ɗau zafi, Manaja kuma ta daɗe ba ta fito ba. Anti Nas ta matso kusa da ni ta ce, "Iska in ta ji zafi ƙara kumbura take yi fa. Ki ja da baya." Na ja.

Can sai ga Manaja, wata 'yar gajeriyar mata mai tabarau, marar son wasa. Tana fara jawabi sai aka ji wani siririn sauti, fiiiiii. Wani direba da yake shigowa ya taka birki, ya ɗauka usur aka busa masa. Manaja ta dubi usur ɗin Kwamanda, ta gan shi a rataye a ƙirji. Sautin daga ƙafar hagu yake fitowa. Kwamanda ya ƙame yana kallon gaba kamar bai ji ba, alhali yana karkacewa a hankali, kafaɗa ɗaya tana sauka, har kansa ya kwanta a kafaɗar Malam Shiru.

"Kwamanda," in ji Manaja, "miƙe sosai."

"A miƙe nake, ranki ya daɗe. Filin ne bai daidaita ba."

"Matso gaba."

Ya matso, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kuma maimakon ya tsaya salin-alin, sai ya ga ga dama ta nuna horo. Ya ɗaga ƙafar dama har ƙugu, ya sara, ya buga ta a kwalta da iya ƙarfinsa.

Daram!

Ban taɓa ganin mutane sun kwanta da sauri haka ba. Masu sayayya suka zube, kekunan kaya suka tafi su kaɗai, lemo da gwangwanaye suna birgima ko'ina. Motoci suka kama jiniya. Masu gadin da aka ɗauka don su kare jama'a su ne suka fara kaiwa bayan kanti. Matar direba ta shige ƙarƙashin wata motar kaya tana salati. Gutsattsarin katifata suka riƙa saukowa daga sama a kan kowa. Mai Faci kaɗai ne a zaune a kan dakali, riƙe da ciki, hawaye na zuba. Malam Shiru kuwa ko motsi bai yi ba, ina jin sai da aka kwana sannan ƙarar ta isa gare shi.

Kwamanda yana zaune daɓas a ƙasa, but ya dare gida biyu, yatsu a waje suna gaida jama'a.

Manaja ta gyara tabarau, ta cire soso daga kanta, ta tsuguna ta ɗaga guntun tub.

"Mene ne wannan?"

"Na'urar horo ce, ranki ya daɗe. Gwajin shirin ko-ta-kwana na yi wa ma'aikata. Kin ga dai duk sun faɗi."

"Na gani. Kwamanda, zan tambaye ka, ka faɗa mini gaskiya. Ƙafarka tana ciwo?"

Na ɗaga murya daga cikin mutane, "Baban yara, ka faɗa mata!"

Ya harare ni. Ya dubi mai aski, ya dubi mai shago, ya dubi duk waɗanda ya tara da bakinsa. Ya dafa ƙasa ya miƙe, fuska a murtuke saboda azaba, ya ce, "Ni? Ciwon ƙafa? Ranki ya daɗe, tun da aka haife ni ban san shi ba."

"Na daɗe ina ganin kana ɗingishi."

"Salon sintiri ne, don ɓarawo ya raina ni ya matso."

"Ka tabbata? Ka yi tunani."

"Wallahi ko daga safe zuwa dare za a tsayar da ni a ƙofar nan kullum, ba zan nemi ko jingina ba. Jama'a shaida ne."

"Mun shaida!" in ji Mai Faci.

Manaja ta juya wajen Malam Shiru. "Kai fa, Baba?"

Ya ɗau lokaci, sannan ya ce, "Ni kam, ranki ya daɗe, tafin ƙafa ya dame ni. Da gwiwa. Tsayuwar tana ba ni wuya."

Kwamanda ya yi mini ƙifce, ya motsa baki yana cewa, "Ya kashe kansa."

Manaja ta ce, "To madalla, kun sauƙaƙa mini. Masu kanti sun saka kyamarori, kuma daga yanzu shugaban masu gadi ba zai riƙa zagaye ba. A ɗakin kyamara zai wuni, a kan kujera, cikin sanyin na'ura, yana ba da umarni ta oba-oba. Ku biyun babu wanda ya fi wani daɗewa a aiki, shi ya sa na ce zan ba wanda tsayuwa ta fi wahalar da shi. Kai na yi niyya, Kwamanda, don na ɗauka kana shan wuya. Amma tunda ka rantse a gaban mutane, ba zan ƙaryata babba kamarka ba. Ƙafa irin taka asara ce a zaunar da ita. Baba, ɗakin kyamara naka ne. Kwamanda, babbar ƙofa taka ce, ka haɗa da wadda Baba yake tsarewa."

Bakin Kwamanda ya buɗe ya kasa rufuwa.

"Ranki ya daɗe, da yake kin yi maganar, akwai wani ɗan tsukun da nakan ji da safe..."

"Cakulkuli ne," in ji Anti Nas daga baya.

Filin ya ɗauka da dariya. Manaja ta ce a share soson nan kafin masu sayayya su zame, ta shige ciki.

Ni ban yi dariya ba. Na so in yi, don katifata, amma da na ga yadda ya sunkuya yana tsince tub da ƙafa ɗaya a ɗage, tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Wawa ne, amma nawa ne.

Washegari da rana na kai masa abinci. Na same shi a babbar ƙofa cikin wani takalmi mai taushi da Anti Nas ta sa aka sayo, gumi yana zuba. Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga kowa ba, sai ya lallaɓa ya jingina da bango ya ɗage dunduniya, ya lumshe ido ya sauke ajiyar zuciya.

Oba-obar da ke ƙugunsa ta yi ƙara. Muryar Malam Shiru ta fito a hankali, har ana jin kurɓar shayi.

"Kwamanda... ina ganinka a kyamara. A bar bangon nan... a miƙe."

Ya ɗago kai ya dubi 'yar kyamarar da ke saman ƙofa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauke ƙafar a hankali yana cije leɓe, ya danna maɓalli.

"An gama, shugaba."